Ba'ana Tokiyo da Dogo Mai Tartsatsi Na Biyu

A unguwar Lamisula ta Maiduguri an yi wani mutum ana ce masa Ba'ana Tokiyo. Tafiya mafi nisa da ya taɓa yi a duniya ita ce Damaturu, ita ma rakiyar amarya ce, amma idan ya zauna yana ba ka labarin ƙasar Japan sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. Shi ya raɗa wa kansa Tokiyon, shi ya kuma rubuta ta da jan fenti a ƙofar gidan kallonsa, wata rumfar kwano da gwaggonsa Hajja Bintu ta ba shi aro a jikin katangar gidanta.

Da gari ya rikice, gidan kallon ya shiga uku. Ƙwallo da dare ake bugawa, dokar hana fita kuwa tun kafin magariba take kora kowa gida. Ga babur an hana hawa, ga layin waya an tsinke. Ba'ana ya wayi gari daga shi sai bencina da ƙudaje. Hajja ta kira shi ta gaya masa akwai matan da suka gudo daga ƙauye suna neman inda za su kafa injin niƙa, kuma ita ba ta ga amfanin rumfar da ba ta tara komai sai ƙura ba.

"Hajja, ki ba ni zuwa Asabar," in ji Ba'ana. "Abin da zan yi a rumfar nan, har a Japan sai an ji labarinsa."

"A ji a Japan ban damu ba," in ji Hajja. "Kada dai masu bindiga su ji shi a ƙofar gidana."

Abin da Ba'ana ya taka shi ne wani faifai da wani direba ya kawo masa daga Kano. Duk wanda ya tashi a unguwar kafin rikici ya san Dogo Mai Tartsatsi. Katun ne, wato fim ɗin zane, na Japanawa, sunansa na ainihi ba ya faɗuwa a bakin kowa, shi ya sa aka raɗa masa wannan. Mutum-mutumin ƙarfe ne da ya fi hasumiyar masallaci tsawo, matuƙinsa a cikin ƙirjinsa yake zama. Dodanni su fito daga teku za su cinye gari, Dogo ya tsaya a bakin ƙofa, idanunsa su yi tartsatsi, shi ke nan an gama magana. Ba ya jawabi, ba ya neman shawara. Magidanta masu gemu a Lamisula har gobe suna iya rera waƙar farkonsa, ko da yake babu wanda ya san abin da take cewa. To faifan da direba ya kawo, ci gaban wannan ne, Dogo Mai Tartsatsi na biyu.

Washegari da safe Ba'ana ya isa wurin mai shayi da faifan a aljihun gaba, rabinsa a waje don kowa ya gani. A kan benci ya tarar da Manasse mai walda, mutumin wajen Askira, wanda ya baro garinsu da iyalinsa bayan an ƙone shi, ya kafa 'yar rumfar aiki a bakin layi. Manasse ya kalli na ɗaya tun yana ɗan makaranta a gidan kawunsa a unguwar Mairi, kuma ba a taɓa masa shi.

Ya karɓi faifan, ya juya gaba, ya juya baya. "Na biyu ke nan? Allah ya sa ɗan ya gaji ubansa. Ni dai na sha ganin albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Ba'ana ya yi dariyar tausayi. "Manasse, kai walda ka sani. Na ɗaya ai gwaji suka yi. Idan ka ajiye shi kusa da wannan, kamar ka ajiye ƙadangare kusa da kada ne. A nan Dogo ya ninka tsawonsa, hannuwansa sun ƙaru, har a bayansa akwai ido. Dodo ɗaya ma ba ya isarsa karin kumallo."

"Ka kalla ke nan?"

"Me zan kalla? Mai koyo shi ke leƙa tukunya kafin a sauke. Ni na san yadda kan mutanen nan yake aiki."

"To da wane yare suke magana a ciki?"

"Japananci tsantsa, babu rubutu a ƙasa. Ni zan fassara, baki da baki, suna faɗa ina faɗa."

Mai shayi ya dakata da juya shayi. "Ba'ana, yaushe ka iya Japananci?"

"Ba iyawa ake yi ba, a jini yake. Kusan Kanuri ne, sai dai su suna sauri."

Aka yi dariya, amma labari ya bazu. Mutanen da suka daɗe ba su ga abin nishaɗi ba sai jana'iza da layin bincike suka fara tambayar juna ko da gaske Dogo ya dawo.

Da Ba'ana ya tsaya a nan, da wataƙila an rabu lafiya. Sai dai ya ga faifai kaɗai bai isa darajarsa ba. Ya yanke shawarar ranar Asabar mutane za su ga Dogo a talabijin, su kuma gan shi a fili da ƙafafunsa. Ya je wa Manasse da maganar a ƙera masa rigar ƙarfe. Manasse ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce shi ƙofa da taga yake yi, bai fara akwatin gawa ba tukuna. Ba'ana ya ce dama hassada ba ta bar mai sana'a ya ga na gaba da shi, ya tafi zai yi abinsa da kansa.

Kwano ya fara nema. Da hantsi, Hajja ta tafi gaisuwar rasuwa, ya zagaya bayan gidanta ya ɓalle fallayen da aka kewaye garken awakinta da su, ya jingina tsohuwar tabarma a madadinsu, ya ce wa awakin aro ne. Gwangwanayen man gyaɗa suka zama hannuwa da ƙafafu. Bokitin wankan gidansa ya zama kai. Babur ɗinsa da ke jingine a zaure tun da aka hana hawa, ya kwance masa batir da hon da fitilun sigina. Fitilun ya dasa a goshin bokiti a matsayin idanu, batirin da hon ya ɗaure a ƙirji, ya maƙala makunni a gefen haƙarƙari, wayoyi ja da baƙi suka bi jiki ko'ina kamar yaɗon kabewa.

Matarsa Zainaba tana zaune tana tsintar shinkafa tana kallon ikon Allah.

"Baban Mu'mina, bokitin nan da shi muke wanka."

"Daga yau ya samu ƙarin girma."

"To wayoyin nan da ka zagaye ƙirjinka da su fa? A garin nan? A wannan zamanin?"

"Ke me kika sani a kimiyya?"

"Ban san komai ba. Na dai san jiya a bakin kasuwa an sa wata ta juye buhun gawayi a ƙasa saboda an ga igiya ta leƙo."

"Igiya daban, fasaha daban. Miƙo mini filaya."

Ta miƙa masa. Ta ce idan ya tashi tafiya ya bar mata makullin ɗaki, don kada a sha wahalar nema a jikinsa.

Ranar Asabar rana ta fito irin ta Maiduguri, wadda ko inuwar dogonyaro sai ta nemi inuwa. Bayan azahar Ba'ana ya shiga rigar. Shiga ce ta ƙusa da waya, wadda babu fita sai da kayan aiki. Zainaba ta murɗe masa ta baya yadda ya umarta, ta kifa masa bokiti. Ya tako zai fita, kafaɗun suka ƙi ƙofa. Ya gwada ta gefe, batir ya tokare. Daga ƙarshe sai da aka ciro ƙyauren ɗaki, shi ma da ƙyar, ya fito yana ƙara kamar an tuntsurar da kayan mai tireda. Don kada asiri ya tonu kafin lokaci, ya sa ta lulluɓe shi da zanen gado tun daga kai har gwiwa, ya bar 'yar kafa yana leƙe.

Tsakanin gidansa da rumfar ba nisa, amma a bakin layi akwai shingen 'yan gora, samarin unguwa masu tsaron sa-kai da ke binciken duk mai shiga da fita. Shugabansu a ranar wani ne Ari, wanda ya girma a bencin gidan kallon Ba'ana. Suna zaune sai suka hango wani abu mai faɗin ƙofa, lulluɓe da zane mai furanni, yana tahowa ƙwaram-ƙwaram, babu fuska.

Ari ya miƙe da gorarsa. "Kai, tsaya daga nan. Ɗaga rigarka."

Ba'ana ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu, gwangwani ya ƙi lanƙwasuwa. Ya sake yunƙurawa, zanen ya zame ya faɗi, gwiwar hannunsa ta danne makunni. Idanun bokiti suka fara ƙyaftawa, ga batir a ƙirji, ga wayoyi ja da baƙi.

Kafin ƙiftawa ta uku babu kowa a bakin layin. Mai ƙosai ta bar kaskonta a wuta. Wani mai keke-napep ya bar keken da fasinja a ciki, fasinjan ya fita ta ɗaya gefen ya wuce shi da gudu. 'Yan gora suka watse bayan buhunan yashi, wani ya faɗa kwata. Ba'ana ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar titi, zuciyarsa fal da farin ciki, don a ganinsa kwarjinin Dogo ne ya yi aiki.

"Ku kwantar da hankalinku," ya faɗa daga cikin bokiti, muryar tana fita kamar daga rijiya. "Na zo ne in kare gari."

Wannan magana ba ta kwantar da hankalin kowa ba. Wani ya ɗauko dutse, wani ya ce a ruga a kira sojoji. Ari ne ya leƙo ta saman buhu, ya ƙura wa ƙafafun ido. A ƙarƙashin gwangwanayen akwai silifas, ɗaya shuɗi ɗaya kore, kuma mutum ɗaya ne a Lamisula ke yawo da su a haka yana cewa yayin Japan ne.

"Ya Ba'ana? Kai ne?"

"Dogo ne. Amma e, ni ne a ciki."

Ari ya fito yana huci. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa ƙirjin da gora, ya bi kowace waya da yatsa har inda ta ƙare. "Ya Ba'ana, ka san da sojoji ne a nan yau, da yanzu ana tattara ka a cikin bokitin nan naka?"

"Ai harsashi ba ya huda Dogo."

"Wannan kwanon ko akuya ta huda shi, ga ramin ƙahonta nan." Ari ya share gumi. "Doka ce, duk wanda ya tsorata jama'a sai ya yi tsallen kwaɗo. Bisimilla."

Dogo Mai Tartsatsi ya yi tsallen kwaɗo a bakin layin Lamisula. Tsugunawa ba ta yiwu ba, don haka abin ya fi kama da rawar randa. Duk tsalle sai hon ya yi ɗan kuka. Waɗanda suka gudu suka dawo, suka kira waɗanda ba su gani ba. Da aka sallame shi, rabin unguwa ne ya raka shi zuwa rumfa, 'yan gora a gaba. Ba'ana ya leƙa ta hudar bokiti ya ga taron da bai taɓa tarawa ba ko ranar wasan ƙarshe na ƙwallo, ya ce a ransa talla ta yi kyau.

Rumfa ta cika har waje. Aka tayar da janareto. Ba'ana ba ya iya zama, sai ya tsaya a gefen talabijin, aka cusa masa makirfo ta ƙarƙashin bokiti. Kwanon jikinsa ya riga ya sha rana, ga na rufi yana ƙara masa, gumi na bin ƙafafunsa yana taruwa a silifas.

"Jama'a," in ji shi, "ku manta da na ɗaya. Mai ciwon zuciya ya fita tun yanzu."

Fim ya fara. Babu waƙar da aka sani, sai wani kiɗa mai sanyi kamar na gidan makoki. Aka nuna ruwan sama yana sauka a taga. Aka daɗe ana nuna shi. Sannan aka nuna wani dattijo mai furfura zaune shi kaɗai, da kwanon taliya a gabansa. Tabon da ke goshinsa ya sa aka gane matuƙin Dogo ne ya tsufa. Ya furta wata 'yar kalma guda.

"Ya ce," in ji Ba'ana, "yau zan murƙushe dodannin teku da iyayensu da kakanninsu, in bi su har gida in rushe musu katanga, in sha ruwan tekun in bar su a tudu."

"Duk a cikin wannan 'yar kalmar?" in ji Manasse daga bencin gaba.

"Japananci a dunƙule yake, kamar daddawa."

Dattijon ya ɗauki tsinke biyu ya fara cin taliya. Yana ci hawaye na zuba.

"Kukan me yake yi?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba kuka ba ne, fushi ne ya yi masa yawa yake fita ta ido. Yanzu zai kira Dogo, ku lura da hannunsa."

Dattijon ya miƙa hannu ya ɗauko barkono.

Daga nan aka koma wani babban ɗaki, mutane sanye da kwat zagaye da tebur. Wannan ya yi magana, wancan ya yi magana, wata ta miƙe ta nuna zane a allo ta zauna. Aka kawo shayi. Ba'ana ya fassara cewa suna rabon makamai ne. Aka ɗage taron, aka sake wani taron a wani ɗakin da ya fi na farko girma. Ba'ana ya ce wannan rabon harsasai ne. A taro na gaba ya rasa abin rabawa, ya ce suna jaddada abin da aka faɗa a baya.

"Wannan kam na yarda da fassararka," in ji mai shayi.

Can sai ga Dogo. Rumfa ta yi tsit, har wani dattijo ya gyara zaman hularsa. Aka nuna ƙafar ƙarfe, aka hau sama a hankali. Tsatsa ta cinye gwiwa. Ciyawa ta tsiro a kafaɗa. A kan nasa tantabaru ne jere, sun yi masa farin rawani da kashi. An kewaye shi da igiya a wani lambu, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto a gindinsa, wata mata na sayar da alewa mai siffarsa.

"Ina hannuwan da suka ƙaru?" in ji Manasse.

"Suna ciki, a naɗe. Wannan dabarar yaƙi ce. Ya yi lamɓo ne don dodanni su saki jiki."

"Tantabarun ma sojojinsa ne?"

"'Yan leƙen asiri ne."

Sai aka fito da sababbin mutum-mutumin da suka gaje shi. Sirara ne, masu launin alewa, ƙugunsu kamar na zanzaro. Matuƙansu samari da 'yan mata ne masu gashi kala-kala, kuma tun da suka bayyana ba su yi komai ba sai gardama a kan wa ke son wa. Ɗaya ta mari ɗaya, ɗaya ya hau rufin bene yana kallon wata, aka sake sako ruwan sama.

Mutane suka fara gunaguni. Ba'ana kuwa ya fara ganin talabijin biyu-biyu saboda zafi, amma bakinsa bai mutu ba. Ya rantse cewa duk wannan shimfiɗa ce, dodo na nan tafe, kuma idan ya zo za a raina na ɗaya.

Dodo ya zo. Ya taso daga teku, ya fi duk na baya girma, ruwa na zuba daga bayansa, ya doshi gari. Aka gyara zama. Ari ya riƙe gorarsa da hannu biyu. Siraran suka tashi sama suka tare shi, suka jeru a gabansa, sai suka kama hannun juna. Yarinyar da ta yi mari ta fito daga ƙirjin nata, ta fara yi wa dodo magana a hankali. Ta daɗe tana yi. Dodo ya sunkuyar da kai, hawaye ya gangaro masa. Aka nuna shi yana ƙarami, an ƙwace masa wani abin wasa.

Babu wanda ya nemi fassara, Ba'ana ma bai bayar ba.

Manasse ya juyo, kuma wannan karon babu dariya a fuskarsa. "Ba'ana, na ɗaya ba wani abu ya sa muke son shi ba. Mugu ya zo zai ci gari, wani ya tsaya a ƙofa ya ce ba ka isa ba. Shi ke nan. Ni na rufe rumfata na zo in ga wannan ko da a zane ne, tunda ranar da aka zo wa namu garin ban gani ba. Kai kuma ka tara mu kallon taro da shan shayi. Wannan ai muna da shi a rediyo."

A nan mai hankali zai gane lokacin ba da haƙuri ya yi. Wasu suka fara miƙewa suna kakkaɓe riga.

Ba'ana ya ga rumfa na shirin zama gidan niƙa a kan idonsa. Ya taka ya tsaya a gaban talabijin, ya buɗe ƙafafu.

"Kowa ya zauna. Japanawa sun gaza, amma Dogo na gaskiya yana nan. Tartsatsi kuke so? Ga tartsatsi."

Ya danna makunni da ƙarfi. Gumin da ya jiƙa wayoyin tun azahar ya gama nasa aikin, wata da ta sale ta taɓa kwanon ƙirji. Tartsatsi kuwa ya tashi, na gaske, ba daga ido ba, daga hammata. Wayar ta yi ja ta manne masa a fata. Hon ya kama kuka ya ƙi tsayawa. Ba'ana ya daka tsallen da ya gagare shi a bakin shinge, ya ja da baya, ƙafarsa ta sarƙe da wayar janareto. Talabijin ya biyo shi. Janareto ya shaƙe ya yi wata ƙara, fau.

A Maiduguri ta wancan lokacin ba a tambayar mene ne ya yi ƙara. Rabin rumfa ya kwanta a ƙasa, rabi ya nemi ƙofa, ƙofar kuwa ɗaya ce. Waɗanda suka rasa ta suka buɗe sabuwa a jikin kwano. Wani ya rungumi ginshiƙin tsakiya ya fita da shi. Rufin ya yi tunani kaɗan, sannan ya sauko.

Da ƙura ta lafa aka gane babu wanda ya ji rauni sai masu ƙujewar gwiwa da wanda ya rasa hula. Daga ƙarƙashin rufi kuwa hon na ta kuka. Aka ɗaga kwano, ga Dogo Mai Tartsatsi kwance a gadon bayansa kamar kunkurun da aka kifar, ƙafafu na harbin iska, ido ɗaya na ƙyaftawa, hayaƙi na fita ta wuyan bokiti.

"Ku cire batirin," in ji murya daga ciki. "Don girman Allah ku cire batirin."

"Da wane yare ya yi wannan?" in ji mai shayi. "A nemo mai fassara."

Manasse ne ya fizge wayar, ya aika aka ɗauko masa almakashin kwano a rumfarsa. Ya farke rigar tun daga wuya har ƙasa kamar ana buɗe gwangwanin kifi. Aka zaro Ba'ana daga shi sai gajeren wando, jikinsa ya yi jawur, da tambarin kamfanin man gyaɗa a bugu a cinyarsa. Bokitin ya ƙi fita sai da aka shafa masa sabulu a kunnuwa.

Kansa na fitowa, abin da ya fara gani shi ne Hajja Bintu tsaye, bayanta motar sojoji da ƙarar ta jawo, gefenta kuma awakinta, waɗanda suka cinye tabarmar da aka jingina musu suka fito yawo, ɗaya ma da mayafin Hajja a baki. Ari ya sha fama kafin ya gamsar da sojojin cewa abin da ya tashi a Lamisula wauta ce kawai. Babbansu ya dubi Ba'ana, ya dubi bokiti, ya girgiza kai, suka ja mota suka tafi.

Hajja ta taka ta ɗaga wani falle daga cikin tarkacen rigar, ta ga ramin ƙaho.

"Wushe, Ba'ana," ta gaishe shi da Kanuri. "Sannu da aiki."

"Hajja, matsalar daga Japan take."

"Na gani. Gobe da safe ka mayar mini da garke yadda yake. Ka tayar da rumfar nan da hannunka, ka share ta, ka goge jan rubutun nan. Jibi masu niƙa za su shigo."

"Ni kuma fa, Hajja?"

"Suna neman mai ɗauko musu ruwa. Ga shi kana da bokiti."

Zainaba ta iso da zanen gadon da aka tsinto a bakin shinge, ta yafa masa, ta tasa shi gaba zuwa gida tun kafin dokar hana fita ta kama, jama'a na biye suna yi masa hon da baki.

Kwana biyu ba a gan shi ba. A wurin mai shayi kuwa aka zauna aka yanke hukunci a kan abin da aka kalla, babu wanda ya ƙi. Na ɗaya shi ne na ɗaya, babu mai taɓa shi. Faifai na biyu shi ne kurar baya, har Manasse na cewa ko tantabarun sun fi matuƙan ƙoƙari. A tsakaninsu aka sa Ba'ana, don shi aƙalla ya yi tartsatsi, kuma an ga abu ya rushe.

Mai shayi ne ya kai masa labarin har gida, yana zaton zai ƙara masa ciwo. Ya same shi kwance a tabarma, hammata shafe da man ƙuna, hannu a sama. Ba'ana ya saurara har ƙarshe, sannan ya yunƙura ya tashi zaune.

"Tsaya. Ka ce ni ne a sama da na biyun?"

"Haka aka ce."

"Kowa ya yarda? Har Manasse?"

"Har shi."

Ba'ana ya juya wajen ƙofar ɗakin da har yanzu ba a mayar mata da ƙyaure ba. "Zainaba, kin ji ko? Ƙasa guda, da injiniyoyinta da masana'antunta, ni kaɗai da bokitin wanka na kayar da su. Miƙo mini rigata, mutane na can suna jiran su ji yadda aka yi."